Fada Brown, Alhamis ko Urushalima: da wane littafin Chesterton za ka fara?

Duk wanda ya nemi sunan G.K. Chesterton a intanet zai tarar da littattafai wajen 80 jibge a gabansa, ban da dubban maƙalun da ya zuba a jaridun Landan. Yawan ma da sauƙi, bambancinsu ne ke sa sabon mai karatu ya rasa ta inda zai kama. Mutumin da ya rubuta littafin kare bangaskiyar Kirista, shi ne dai ya rubuta labarin ɗan sandan ciki da ya kutsa cikin ƙungiyar masu dasa bam, shi ne kuma ya je Urushalima ya dawo da littafi sukutum. Huɗu aka fi miƙa wa baƙo: Orthodoxy da The Man Who Was Thursday, duka biyun na 1908, sai The Innocence of Father Brown na 1911, sai The New Jerusalem na 1920. Wanda ya fara da wanda bai dace da shi ba yakan ajiye mutumin gaba ɗaya, alhali akwai alheri mai yawa a wajensa.

An haifi Gilbert Keith Chesterton a Kensington cikin Landan a 1874, ya rasu a Beaconsfield a 1936. Zane ya fara koyo a makarantar Slade kafin ya faɗa aikin jarida, kuma daga 1905 har ƙarshen rayuwarsa yana da shafinsa na mako-mako a Illustrated London News. Ɗan jarida ne mai saurin alƙalami, mai son gardama, wanda ya yi shekaru yana fafatawa da marubuta George Bernard Shaw da H.G. Wells a bainar jama'a ba tare da abotarsu ta lalace ba. Akwai kuma abin da ya kamata a sani tun farko: sai a 1922 ya shiga ɗarikar Katolika. Littattafan nan huɗu duk ya rubuta su yana ɗan cocin Angalika, cocin da matarsa Frances ta yi tasiri sosai wajen jawo shi ciki.

Ni dai in aka tambaye ni, Fada Brown nake cewa a fara da shi, kuma ba don ya fi sauƙin karantawa kawai ba. Littafin farko gajerun labarai 12 ne, kowanne ana gama shi a zama ɗaya. Gwarzon labarin wani ɗan gajeren limamin Katolika ne daga Essex, fuskarsa a kewaye, kullum lemarsa tana suɓucewa daga hannunsa, ga ƙunshe-ƙunshen takarda da ya kasa riƙewa da kyau. Kowa ya gan shi sai ya raina shi, rainin kuwa shi ne rabin ƙarfinsa.

Bari in buɗe labarin farko kaɗai, The Blue Cross, don a ga yadda aikin yake. Fada Brown ya ɗauko wani gicciyen azurfa mai duwatsu shuɗɗa zuwa babban taron coci a Landan. Flambeau, shahararren ɓarawon Faransa, ya yi shigar limami ya manne masa. Shugaban 'yan sandan Paris, Valentin, yana neman Flambeau amma ba shi da ko sawu ɗaya. Sai ya fara cin karo da abubuwan da ba su da kan gado. A wani gidan abinci an zuba gishiri a mazubin sukari, sukari a mazubin gishiri, an kuma watsa miya a bango. A shagon kayan marmari an musanya takardun farashin lemo da na gyaɗar ƙasar waje. A wani gidan abincin kuma wani limami ya biya kuɗi fiye da ƙima, ya ce na gilashin tagar da zai fasa ne, ya kuwa sa lema ya fasa. Valentin ya yi ta bin wannan ɓarna har dajin Hampstead Heath, inda ya tarar da limaman biyu a zaune suna zancen tauhidi. Ashe ɗan limamin ne ya riƙa barin sawu da gangan, gicciyen kuwa tuni ya aika shi ta gidan waya. Da Flambeau ya tambaye shi yadda ya san dabarun ɓarayi haka, amsar ita ce mutumin da aikinsa sauraron masu furta zunubansu ne ba zai jahilci muguntar ɗan Adam ba. Abin da ya tona asirin limamin ƙarya kuma shi ne ya soki hankali a cikin hirarsu, Fada Brown ya ce wannan gurɓataccen tauhidi ne.

Wannan hali yana da asali. Chesterton ya ba da labari a tarihin rayuwarsa cewa wani limami a yankin Yorkshire, Fada John O'Connor, ya taɓa bayyana masa wasu miyagun ɗabi'u da shi ɗan jaridar Landan bai taɓa sanin akwai su ba. Jim kaɗan sai ya ji wasu ɗalibai biyu na jami'ar Cambridge suna cewa ai irin waɗannan limamai a killace suke, ba su san komai game da sharrin duniya ba. Daga nan Fada Brown ya samo tushe. O'Connor ɗin nan ne kuma ya karɓi Chesterton cikin Katolika a 1922.

Dalilin da ya sa na fifita waɗannan labarai shi ne a cikinsu ake ganin bangaskiyar mutumin tana aiki, ba tana jawabi ba. Fada Brown ba ya rarrafe da madubi yana neman tokar taba. Yana tambayar kansa ne wane irin girman kai, wace irin hassada ko tsoro za su kai mutum ga wannan aiki, kuma ya yarda cewa irin wannan yana cikin zuciyarsa shi ma. A littafi na huɗu, The Secret of Father Brown na 1927, ya faɗa ƙarara cewa hanyarsa ita ce ya sa kansa a matsayin mai kisan har ya ga yadda shi kansa zai iya aikatawa. Shi ya sa burinsa tuban mai laifi ne, ba ɗaurinsa ba. Flambeau ma daga baya ya tuba ya zama abokinsa. Akwai kuma ido mai kaifi a kan masu kuɗi: a The Queer Feet, duk satar ta yiwu ne saboda attajiran wani kulob ba sa ɗaga kai su dubi fuskar masu kawo musu abinci.

Sai dai akwai gargaɗi biyu. Littattafan biyar ne, na 1911, 1914, 1926, 1927 da 1935, labarai sama da 50, kuma ba duka suke da ƙarfi ɗaya ba. Na baya-bayan nan da yawa ya rubuta su ne don samun kuɗin riƙe mujallarsa, G.K.'s Weekly, gajiya kuwa tana nunawa a wasunsu. Na biyu ya fi muhimmanci ga mai karatu baƙar fata: a littafi na biyu akwai labarin The God of the Gongs, wanda ke cike da kalmomin wulaƙanci ga baƙaƙe. Ba ni da wani uzuri da zan kawo masa a nan. A tsallake shi ba a yi asarar komai ba. Wanda kuma ya saba da shirin talabijin na BBC da aka fara a 2013, ya sani cewa shirin ya mayar da limamin wani ƙauye a shekarun 1950, labaran kuma yawancinsu sababbi ne, ba na littafin ba.

Orthodoxy wani abu ne daban, kuma shi ne littafin da Kiristoci da yawa suka fi sanin Chesterton da shi. A 1905 ya fitar da Heretics, inda ya bi manyan marubutan zamaninsa ɗaya bayan ɗaya yana sukar aƙidunsu. Sai wani mai sharhi, G.S. Street, ya ce zai damu da tasa falsafar ranar da Chesterton ya bayyana tasa. Orthodoxy shi ne amsar. Babi 9 ne, bai da kauri, kuma tun farko ya ce abin da yake karewa shi ne Shaidar Bangaskiyar Manzanni, wadda Katolika da Angalika da sauran manyan ɗariku suka yi tarayya a kai. Ya buɗe da misalin wani matuƙin jirgin ruwa Baturen Ingila da ya ɓata lissafi, ya sauka a gaɓar Ingila yana zaton sabon tsibiri ya gano. Haka ya kwatanta kansa: ya yi ta ƙoƙarin ƙirƙiro aƙidarsa ta kansa, da ya gama sai ya ga ashe Kiristanci ne da ya riga shi da ƙarni 18.

Akwai wurare a littafin nan da ba sa fita daga kai. Ya ce mahaukaci ba wanda ya rasa hankalinsa ba ne, wanda ya rasa komai ne sai hankalin kaɗai ya rage masa, yana ta lissafi a cikin ƙaramin da'ira ba ya iya fita. Ya ce girmama al'ada ba wa matattu ƙuri'a ne, kada 'yan tsirarun da suka yi sa'ar kasancewa a raye yau su yanke hukunci su kaɗai. Ya dubi yaro ƙarami da ke cewa a sake, a sake, har babba ya gaji, ya ce wataƙila fitowar rana kowace safiya ba dole ba ce irin ta inji, Allah ne bai gaji da cewa a sake ba. Babin da na fi so shi ne na shida, inda ya lura cewa masu sukar Kiristanci suna zarginsa da laifuffukan da ke karo da juna: wasu su ce addinin ragwaye ne, wasu su ce shi ya cika duniya da yaƙi, wasu su ce yana baƙanta rayuwa, wasu su ce yana ruɗin mutane da fata na banza. Ya ce in mutum ɗaya wasu suna cewa ya cika tsawo, wasu suna cewa ya cika gajarta, mai yiwuwa shi ne daidai, masu kallon ne suka bambanta.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Littafin yana da wuya ga wanda bai saba da Ingilishin farkon ƙarni na 20 ba. Jimlolinsa suna juyi, yana son ya kifar da magana ya nuna bayanta, kuma shafi bayan shafi yana gardama da Shaw da Wells da Nietzsche da Tolstoy da wasu 'yan jaridar da yau ba a tuna su. Wanda yake neman littafin ibada, ko bayanin ayoyin Littafi Mai Tsarki, ko hujjoji jere da lamba, ba zai samu a nan ba. Da hoto da misali yake jan hankali, wani lokacin misalin yakan yi kyau har mutum ya manta ba a tabbatar da komai ba tukuna. Fasto ko malamin makarantar Lahadi da ke fama da tambayoyin matasan jami'a zai ci riba sosai, muddin ya karanta babi ɗaya ya huta. Musulmi mai son sanin yadda Kirista mai ilimi ke kallon addininsa daga ciki shi ma zai amfana, amma ya sani cewa a babi na takwas marubucin ya kare aƙidar Triniti ta hanyar kwatanta ta da tauhidin Musulunci, da lafazin da Musulmi ba zai yarda da shi ba.

The Man Who Was Thursday kuwa shi ne mai sa zuciya dukan uku-uku. An rubuta shi a lokacin da masu aƙidar rusa kowace hukuma suka firgita Turai da Amurka: sun kashe shugaban Faransa Carnot a 1894, sarkin Italiya Umberto a 1900, shugaban Amurka McKinley a 1901. Gabriel Syme mawaƙi ne da 'yan sandan Scotland Yard suka ɗauka aikin asiri. Gardama ta haɗa shi da wani mawaƙin, Lucian Gregory, wanda don ya nuna da gaske yake sai ya kai shi wata mashaya, teburin da suke zaune ya nutse da su ƙarƙashin ƙasa zuwa maɓoyar ƙungiyar. A daren nan ake zaɓen wakili zuwa majalisar ƙoli mai mutum bakwai, kowanne da sunan rana ɗaya ta mako. Syme ya fi Gregory iya baki, aka zaɓe shi ya zama Alhamis. Shugabansu Lahadi, wani ƙaton mutum mai ban tsoro, ba ya ɓoye taronsa: a barandar otal a dandalin Leicester Square suke karin kumallo suna tsara kisan sarkin Rasha da shugaban Faransa da babbar murya, don ya san ba wanda zai ɗauke su da gaske.

Kashi biyu cikin uku na littafin gudu ne ba tsayawa, da takobi a Faransa, da farauta a titunan Landan har da giwa da balan-balan mai tashi da mutane. Daga nan sai ƙasa ta sauya a ƙarƙashin mai karatu. Ƙarshen ya koma kan kwanakin halitta na Littafin Farawa da tambayar Ayuba game da wahala, ba a kuma warware komai yadda mai son labarin 'yan sanda yake jira. Marubucin ya rubuta a ƙarƙashin sunan littafin cewa mummunan mafarki ne, kuma dab da rasuwarsa ya koka cewa mutane ba sa lura da wannan. Idan kai mai son a kama mai laifi a rufe littafi ne, koma wajen Fada Brown. Idan kuwa kana jure labarin da zai bar ka da tunani kwana da kwanaki, wannan ne naka, kuma ya fi daɗi bayan Orthodoxy, domin shekara ɗaya aka haife su, damuwa ɗaya ce a cikinsu.

Saura The New Jerusalem, wanda na fi jin tsoron a ɗauka bisa kuskure. Kiristocin Nijeriya da yawa suna zuwa ziyarar ibada Isra'ila kowace shekara, wasu su dawo suna sa JP, wato wanda ya ziyarci Urushalima, a bayan sunansu, kuma mai shirin tafiya yana iya ganin sunan littafin ya zaci jagora ne. Ba zai gaya maka yadda za ka bi Hanyar Gicciye ko abin da za ka tarar a Kogin Urdun ba. Rahotanni ne da Chesterton ya aika wa jaridar Daily Telegraph a tafiyar da ya yi daga ƙarshen 1919 zuwa farkon 1920, ta Faransa da Rum da Masar. Lokacin kuwa mai zafi ne: Janar Allenby na sojan Ingila ya shiga birnin a Disambar 1917 bayan ƙarni huɗu na mulkin Usmaniyya, an yi Sanarwar Balfour, inda Ingila ta goyi bayan kafa wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu, a Nuwambar shekarar, sojan Ingila ne ke riƙe da gari, Larabawa da Yahudawa kuma kowa yana zargin kowa.

Akwai kyawawan shafuka a ciki. Ya fara da ban kwana da karensa da jakinsa a Beaconsfield. Ya yi sa'ar ganin Urushalima lulluɓe da dusar ƙanƙara, abin da ba kasafai ake gani ba, har ya ce daga yau ya daina ganin laifin katunan Kirsimeti. Idonsa na mai zane yana aiki sosai a kan ganuwa da ƙofofi da tufafin jama'a. Ya kuma kare talakawan masu ziyara daga 'yan yawon buɗe ido da ke raina adon majami'u, yana cewa mai ibada ya fi mai kallo fahimtar wurin. Wannan sashe zai yi wa Kirista mai niyyar tafiya amfani a zuci.

Amma rabin littafin ra'ayi ne, kuma a nan nauyinsa yake. Yana yaba mutunci da daidaiton da ya gani tsakanin Musulmi, sannan ya juya ya kira Musulunci addinin hamada da ya sauƙaƙa al'amura fiye da kima, hukuncin mutumin da ya yi 'yan makonni a ƙasar kuma ba ya jin Larabci. Ya ware babi biyu yana kare yaƙe-yaƙen Salibiyya. Babin ƙarshe kan aƙidar Sahayoniya shi ne mafi muni. Jaridar da ta aike shi ba ta buga shi cikakke ba, shi da kansa ya faɗi haka a gabatarwa. A ciki ya goyi bayan Yahudawa su sami ƙasa, amma bisa dalilin cewa su baƙi ne a Ingila, har ya kawo shawarar Bayahuden da ke riƙe da muƙami a can ya riƙa sa tufafin Gabas don a gane shi. Gaskiya ne a shekarun 1930 ya fito ya la'anci zaluncin Hitler a kan Yahudawa, amma wannan bai goge babin ba, kuma har yau shi ne babban abin da ake riƙe shi da shi. Ɗalibin tarihi mai son jin yadda Baturen Ingila mai ilimi yake tunani a farkon mulkinsu a Falasɗinu zai sami abin nazari. Wanda bai taɓa karanta Chesterton ba, kada ya fara daga nan.

Mai neman abin da zai shirya zuciyarsa kafin ziyarar Baitalami, gara ya ɗauki The Everlasting Man na 1925, wanda ya rubuta a matsayin martani ga tarihin duniya na H.G. Wells. Sashe na biyu ya buɗe da haihuwar Almasihu a cikin kogo, kuma marubucin Kirista C.S. Lewis ya ambaci littafin cikin abubuwan da suka karkato da shi zuwa bangaskiya. Ya fi Orthodoxy tsawo da nauyi, don haka ba na farawa ba ne shi ma. Wanda kuma yake son rayuwar waliyyi a taƙaice, akwai ɗan littafinsa kan Francis na Assisi na 1923.

Batun kuɗi bai kamata ya hana kowa ba. Littattafan nan huɗu sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, ana sauke su kyauta a Project Gutenberg, kuma ba sa cin data. Masu son saurare za su sami Orthodoxy da Thursday da labaran Fada Brown a LibriVox, inda 'yan sa-kai suka karanta su da murya. Labaran Fada Brown da Thursday suna tafiya lafiya a waya, ko a cikin mota ne. Orthodoxy kam ya fi son takarda da biro a hannu, kuma in za ka saya, nemi bugun da ke da bayanin sunaye a ƙasan shafi, domin mutanen da yake gardama da su a 1908 yawancinsu sai an gabatar maka da su.